Fure Ba 'Ya'ya

Duk wanda ya taɓa sayen abarba ya ga tukkun ganyen da ke kanta: ganye masu kauri, jere a zagaye, kowane yana fitowa daga ƙarƙashin ɗan'uwansa, tsakiyarsu da ɗan rami. Mai tallan 'ya'yan itace kan fille wannan tukku ya yar kafin ya fara fere. Abin da ya yar ɗin shi ne tambarin wani babban dangi na tsirrai da masana ke kira buromiliyad, wanda za mu iya kira dangin abarba. Jinsunansu sun haura 3,000, kuma in ban da guda ɗaya, dukkansu 'yan asalin nahiyar Amurka ne, tun daga kudancin ƙasar Amurka har zuwa Ajantina da Chile. Abarba ce kaɗai a cikinsu ta zama abincin duniya. 'Yan'uwanta da kyau suka yi suna.

Wanda ya shiga babban kanti a Amsterdam ko Miami zai tarar da su a jere cikin tukwanen roba. Ganyensu kore shar, sumul, daga tsakiya kuma wani kara ya miƙe, ja jawur ko rawaya, kamar harshen wuta. Ana saye a kai gida a ɗora a kan tebur, launin ya yi wata uku ko huɗu bai dushe ba. Abin da mai saye bai cika sani ba shi ne, mafi yawan waɗannan tsirrai babu dajin da za a shiga a same su. Ruwa biyu ne. Wani mutum ne ya ɗebi garin furen wani jinsi ya shafa a kan furen wani, ya reni abin da ya fito, ya raɗa masa suna. Da yawa daga cikinsu kuma, kamar alfadari, ba sa haihuwa: suna fure, amma ba sa ƙulla iri.

Bahaushe ya ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Karin maganar ta daɗe da yanke hukunci a kan duk abin da ke ƙyalli babu komai a bayansa. To ga tsiro wanda aka yi shi da gangan don fure kawai. Shin ƙarya ce aka dasa a tukunya? Shin ɗan'adam yana da hurumin ɗauko mai rai daga muhallinsa, ya sake masa siffa don jin daɗin idonsa, sannan ya ce nasa ne? Tambayar ta fi ƙarfin tukunyar fure, domin amsarta ita ce ke nuna iyakar abin da muka halatta wa kanmu a kan halittar da ba ta da bakin kai ƙara. Abin da zan yi ƙoƙarin nunawa shi ne, lalle akwai ƙarya a wannan sana'a, amma a cikin labarin da ake ba furen take.

Tsiron a gidansa

Kafin a yi hukunci a kan abin da aka mayar da tsiron, ya kamata a san abin da yake a gidansa. Kimanin rabin jinsunan wannan dangi a kan rassan itatuwa suke zaune, ba sa taɓa ƙasa. Mai karatu zai tuna da kauci, amma akwai bambanci. Kauci yana huda reshe ya sha ruwan bishiya, su kuwa wurin zama kawai suke aro, saiwarsu ta riƙo ce. Abincinsu daga sama yake zuwa. Ganyen da ke zagaye suna haɗuwa a gindi su zama kamar ƙwarya, ruwan sama ya taru a ciki, busassun ganye da ƙura da kashin tsuntsaye su faɗa su ruɓe, wasu ƙananan ɓawo da ke jikin ganyen su tsotse. Manya daga cikinsu a Barazil kan riƙe ruwan da ya haura lita 20, wato jarka guda cur.

Wannan ƙwarya gari ce mai mazauna. A Kosta Rika da Panama akwai wani ɗan kwaɗo ja mai dafi, wanda bai fi kan babban yatsa ba. Idan ƙwansa ya ƙyanƙyashe a ƙasa, uwar kan goyi 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, ta hau da su, ta ajiye kowane a nasa ɗan ruwan tsakanin ganye, ta riƙa dawowa tana zuba masa ƙwan da ba a barbara ba, yana ci har ya girma. A Jamaika akwai ƙaguwa da ke rainon 'ya'yanta a cikin irin wannan ruwa. Takan kwashe ruɓaɓɓen ganye, ta kawo ɓawon dodon koɗi ta jefa don ya rage tsamin ruwan.

Shi kuma jan nan da ke ɗaukar ido, ganye ne da ya rine; furen ainihi ƙarami ne, yakan yi kwana ɗaya ko biyu ya bushe. Launin kira ne ga wani ɗan tsuntsu na nahiyar Amurka mai dogon baki, wanda ke iya tsayawa cak a iska yana shan zumar fure. Ja alkawari ne cewa akwai zuma a nan. Tsuntsun ya sha, garin fure ya manne masa a baki, ya kai wa wani tsiron. Kowace ƙwarya sau ɗaya take fure a rayuwarta. Daga nan sai ta fara mutuwa a hankali, tana fitar da 'ya'ya a gindinta waɗanda za su gaje ta.

Aikin mai aurarwa

Manomanmu sun san auren mangwaro da na lemo, inda ake ɗaura reshen wata bishiya a kan gindin wata. Auren da ake yi wa dangin abarba ya fi wannan zurfi, domin a cikin iri ake haɗa iyayen biyu, abin da ya fito kuma ya ɗauko daga kowane. Sana'ar ta kafu ne a ƙarni na 19, lokacin da attajiran Turai suka kamu da sha'awar tsirran ƙasashe masu zafi, suna gina musu ɗakunan gilashi. Beljiyam ce ta zama cibiya. A 1879 Édouard Morren, farfesan ilmin tsirrai a Jami'ar Liège, ya aurar da jinsi biyu na gidan Vriesea, dukkansu 'yan Barazil, aka sami irin da ke ɗauke da sunansa har yau. A Amurka, Mulford Foster na Florida ya yi ta tafiye-tafiyen neman sababbin jinsuna yana aurar da su. Ƙungiyar masu sha'awar dangin da aka kafa a 1950 ita ce ke riƙe da rajistar sunayen sababbin iri ta duniya, kuma sunayen sun kai dubbai. Manyan gidajen sana'ar a yau suna yankin Gent a Beljiyam da kuma Holan.

Aikin na masu haƙuri ne. Mai aurarwa zai ɗebi garin fure da ɗan buroshi ko hantsaki, ya shafa a kan furen da ya zaɓa, ya ɗaura masa alama. Iri yakan ɗauki watanni kafin ya nuna. Idan aka shuka, sai an yi shekara uku ko huɗu kafin a ga furen farko. A cikin ɗaruruwa ko dubban tsirran da suka fito, ƙila ɗaya ko biyu ne za su tsira daga kwandon shara. Wanda ya yi dace sai a yanki ɗan mitsitsin tsokarsa a rena a cikin kwalba a ɗakin gwaji, a yi ta rarraba shi har ya zama dubun dubata, kowane tamkar an buga shi da hatimi ɗaya. Daga ranar aure zuwa ranar kasuwa sau da yawa akan doshi shekara goma.

Saura abu ɗaya: lokacin fure. A ƙarni na 19 masu noman abarba a tsibiran Azores suka lura cewa hayaƙi a ɗakin gilashi yana sa abarba ta yi fure gaba ɗaya. A 1932 bincike a Puerto Rico ya nuna cewa wata iska da ke cikin hayaƙin, etilin, ita ce sirrin. Dangin wannan dabara ce masu nuna ayaba da kabaid ke amfani da ita. Yau mai gona yakan duba kalanda, ya ƙirgo makonni daga Kirsimeti ko wani bikin da kasuwa ke ci, ya ba tsirran iskar, su yi fure a ranar da ya so. Tun da kuwa fure shi ne farkon mutuwar ƙwaryar, ranar ajalinta ma shi ya zaɓa mata.

Shin shisshigi ne a halitta?

Tuhuma ta farko tsohuwa ce, kuma wanda ya fara aikin ya san nauyinta. Thomas Fairchild, mai lambu a unguwar Hoxton ta Landan, shi ne wanda tarihi ya sani da fara aurar da jinsin furanni biyu da gangan, wajen 1717. Abin da ya fito ba ya haihuwa, aka yi masa laƙabi da alfadarin Fairchild. Da aka kai shi gaban ƙungiyar masanan Ingila a 1720, sai aka bayyana shi a matsayin abin da aka tsinta a lambu, ya fito da kansa. Da Fairchild ya rasu a 1729, ya bar wasiyyar fam 25 don a riƙa yin wa'azi duk shekara a kan al'ajaban halittar Ubangiji. Masu tarihi da dama suna ganin alamar zuciya marar natsuwa a cikin waɗannan abubuwa biyu, domin a zamaninsa an ɗauka cewa jinsunan halitta a ƙidaye suke tun ranar farko, ƙara ɗaya a kansu kuwa girman kai ne.

Wannan tsoro abin girmamawa ne, amma idan aka duba aikin da kyau, tsoron ya ba mai aurarwa matsayin da bai kai ba. Iyakar abin da hannunsa ya yi shi ne ɗaukar gari daga nan zuwa can, aikin da tsuntsu da ƙudan zuma ke yi kullum. Idan jinsunan biyu ba su dace ba, ko ya shekara yana shafawa babu irin da zai ƙullu. Idan sun dace, ba shi da ikon cewa ga kamannin da zai fito. Sai ya jira shekaru ya gani, kamar kowa. Masana kuma sun sami ruwa biyu a cikin wannan dangi a daji, har a kan duwatsun da ke kewaye da Rio de Janeiro, inda babu hannun da ya taɓa su. Ƙofar da mai aurarwa ya bi a buɗe ya same ta.

Musulmi mai karatu zai tuna cewa Alƙur'ani ya yi gargaɗi a kan canza halittar Allah, kuma fayyace iyakar wannan gargaɗi aikin malamai ne. Amma zai kuma tuna cewa aya ta 8 a Suratun Nahli ta lissafa alfadari tare da doki da jaki a cikin ni'imomi, ta ambaci hawa, ta kuma ambaci ado. Ga ruwa biyu marar haihuwa, ga ado, a wuri guda, ba tare da zargi ba. Akwai kuma hadisin barbarar dabino a Sahihu Muslim, inda aka bar wa manoman Madina sanin sana'arsu. Ita kanta abarbar da muke sha ba haka take a daji ba. Mutanen Amurka ta Kudu na farko ne suka yi ta zaɓe, ƙarni bayan ƙarni, har ta yi girma da zaƙi ta kusan rabuwa da iri, tun kafin Columbus ya gan ta a tsibirin Guadeloupe a 1493. Wanda ya haramta aikin Morren sai ya ajiye yankan abarbar da ke hannunsa.

Shin ɓata lokaci ne?

Tuhuma ta biyu ta fi kusa da zuciyar wanda ya tashi inda ake auna tsiro da buhun da ya bayar. Abarba ana sha. Wannan fa? Shekara goma, da wutar ɗumama ɗakin gilashi a sanyin Turai, da ƙwaƙwalwar masana, duk don jan ganye a kan tebur, alhali akwai masu kwana da yunwa. Maganar tana da ƙarfi, kuma ɓangarenta da ya shafi wutar da ake ƙonawa gaskiya ne tsantsa. Sai dai idan aka bi ta har ƙarshe, za ta cinye zanen da magini ke yi a fuskar soro, da aikin da maɗinki ke yi a wuyan riga, da lallen amarya. Babu al'ummar da ta jira sai ta ƙoshi kafin ta yi ado. Mutumin da ke zaune a hawa na goma a birnin da rana ke faɗuwa da ƙarfe huɗu a lokacin hunturu, ya ajiye abu mai rai kusa da tagarsa, yana biyan wata buƙata ce ta gaske.

Akwai ma wani amfani da ba a cika lura da shi ba. Inda kasuwa ke son tsiro, kuma babu mai noma shi, daji ake shiga a kwaso. Haka ta faru da Tillandsia xerographica, wani farin tsiro mai nannaɗaɗɗen ganye na Guwatemala da Meziko da El Salvador, wanda aka yi ta tsinkowa daga bishiyoyi har aka sa shi a 1992 cikin jerin tsirran da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu. Irin da aka aurar aka rena a kwalba ya fi na daji araha, ya fi shi jure zaman ɗaki, don haka yana janye hannun kasuwa daga reshen bishiya. Ta wannan fuska furen da ba ya 'ya'ya yana kare masu 'ya'ya.

Haka kuma bai kamata a mayar da daji aljanna ba. Ruwan da ke rainon ɗan kwaɗo yana rainon sauro. A Tirinidad, a shekarun 1940, an gano cewa sauron da ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro a gonakin koko yana hayayyafa ne a cikin ƙwaryar waɗannan tsirrai da ke kan bishiyoyin inuwa, har aka riƙa fesa musu guba don a ceci ma'aikata. Wanda ya ce duk abin da ke daji alheri ne, duk abin da hannu ya taɓa ɓarna ne, bai yi jinyar yaro mai zazzaɓi ba.

Inda ƙaryar take

To ina matsalar? Mu koma ga jan ganyen. A daji magana ce tsakanin tsiro da tsuntsu. A ɗakin gilashi an cire tsuntsun an sa idon mai saye a gurbinsa. Mai aurarwa yana zaɓen launin da zai daɗe, da ganyen da ba shi da ƙaya, da girman da zai shiga kwali ya jure kwanaki a mota. Wannan sauyin abokin magana shi kaɗai bai zama yaudara ba, tun da mai saye launi aka yi masa alkawari, launi kuma ya samu. Yaudarar tana cikin abu biyu da ake ɓoye masa: ƙarshen tsiron da farkonsa.

Ƙarshen tukuna. Ana sayar da tsiron a ranar da ya fi kyau, wadda ita ce ranar da ya fara gangara. Bayan 'yan watanni launin ya koɗe, mai gida ya ɗauka ya mutu, ya jefa shi a shara da tukunyarsa. Da ya ɗaga ganyen ƙasa, da ya ga 'ya'ya biyu ko uku sun ɓullo a gindi. Ko irin da ba ya ƙulla iri yana fitar da su. Da ya bar su suka kai kamar rabin tsawon uwar, ya yanke ya dasa, da sun yi nasu furen bayan shekara biyu ko uku. Ashe furen yana da 'ya'ya. Kasuwa ce ba ta da riba a cikin sanar da hakan, domin wanda ya reni ɗa ba zai dawo sayen uwa ba.

Wani zai ce, to me aka yi? Tsiro ba ya jin zafi, kuma babu hujjar da ta nuna yana ji. Na yarda. Amma Immanuel Kant, a littafinsa na 1797 a kan ɗabi'a, ya yi nuni da cewa mai lalata kyawawan abubuwan halitta haka kawai kansa yake cuta, domin yana kashe wani taushin zuciya da kyakkyawar ɗabi'a ke tsirowa daga gare shi. Tarbiyyarmu ma ta san wannan: yaron da aka hana tsinkar ganye don wasa, hannunsa ake koya wa kunya. Tsiron da aka tsara don a more shi wata uku a yar yana koyar da akasin haka. Yana sabar wa mutum kallon mai rai kamar kyandir, a kunna, ya ƙone, a sayo wani. Wanda ya saba da wannan kallo a kan tebur ɗinsa, da wuya ya bar shi a nan. Zai kai shi gona da daji, wata rana ma ya kai shi kan ma'aikacin da ƙarfinsa ya ƙare.

Sai farkon. Takardar da ke maƙale a tukunya tana ɗauke da sunan kasuwa, da yadda ake ba da ruwa, sau da yawa kuma da gargaɗin cewa doka ta hana yaɗa irin. Da wuya ta ambaci dajin da iyayensa suka fito. Su kansu sunayen kimiyya labarin Turai suke bayarwa. Dangin ya ci sunan Olof Bromelius, likita ɗan Suwidin. Vriesea ta ci sunan wani masani ɗan Holan, Guzmania na wani ɗan Sifen, Tillandsia na wani farfesa a Finlan. Mutanen da suka rayu da waɗannan tsirrai dubban shekaru, suka saƙa zarensu, suka mayar da ɗayansu abinci, kusan kalma ɗaya ce tasu ta tsira a bakin duniya: ananas, sunan da Faransawa da Larabawa ke kiran abarba, wanda ya samo asali daga harsunan Tupi da Guarani.

Mantuwar ta kai har ga 'yan gida. Roberto Burle Marx, mashahurin mai tsara lambuna na Barazil, ya tashi a lokacin da masu hali a ƙasarsa ke cika lambunansu da furannin Turai, suna ɗaukar tsirran dajinsu ciyawa. Sai da ya je Jamus a 1928, ya shiga lambun tsirrai na Dahlem a Berlin, sannan ya ga kyan tsirran ƙasarsu a bayan gilashi. Ya koma gida ya shafe rayuwarsa yana dasa su a filayen birane, yana kuma faɗa da masu sare daji. Dajin gaɓar Atlantika na Barazil, gidan iyayen irin da Morren ya aurar, abin da ya rage daga cikinsa yau bai kai sulusi ba.

Na wane ne?

Doka ta amsa wannan tambaya ta fuska ɗaya. Amurka ta fara ba da haƙƙin mallakar sabon irin tsiro a 1930, kuma yanzu yana ɗaukar shekara 20. Yarjejeniyar UPOV ta 1961 ta yaɗa tsarin zuwa ƙasashe da yawa, a Tarayyar Turai kuma wa'adin irin waɗannan tsirrai shekara 25 ne. Ban ga zalunci a cikin asalin wannan ba. Wanda ya ba da shekara goma na rayuwarsa, ya zubar da dubu ya riƙe ɗaya, bai kamata wani ya sayi tukunya guda ya kwafe wahalarsa cikin wata shida ba. Guminsa nasa ne.

Amma gumin ne kawai nasa. Jan launin, da ƙwaryar, da juriyar zama ba ƙasa, duk ya tarar da su, an gina su cikin shekaru miliyoyi tsakanin tsiro da tsuntsu da ruwan sama a wani dajin da ƙila bai taɓa takawa ba. Matsayinsa kamar na wanda ya yi gini ne a filin aro: ginin nasa ne, amma ba ya manta mai fili. Duniya ta fara amincewa da wannan a yarjejeniyar kare halittu ta Rio a 1992, da ƙa'idar Nagoya ta 2010, waɗanda suka ce ƙasar da aka ɗauko iri daga cikinta tana da rabo a amfaninsa. Sai dai iyayen mafi yawan irin da ke kasuwa sun bar gida tun kafin a rubuta waɗannan takardu, don haka doka ba ta bin su bashi. A nan ne ɗabi'a ke fara aikinta, inda doka ta tsaya. Bashin da babu mai iya kai ka kotu a kansa shi ne ke nuna ko kai mai biya ne.

Biyan ba shi da wuyar ganewa. A rubuta asalin tsiron a jikin tukunyarsa. A gaya wa mai saye cewa akwai 'ya'ya a gindi, kuma ga yadda ake rainonsu. A mayar da wani kaso na riba ga masu tsaron dazuzzukan da iyayen suka fito. Wannan na ƙarshe ma ba sadaka ba ce zalla, domin mai aurarwa ba ya iya ƙago launi ko juriyar cuta daga babu. Duk ranar da ya buƙaci sabon jini, dajin zai koma. Idan dajin ya ƙare, sana'arsa za ta yi ta juya abin da ke hannunta har ya tsuke.

Na ce a farko jinsi ɗaya ne na wannan dangi ba ɗan Amurka ba. Sunansa Pitcairnia feliciana, yana tsirowa a jikin duwatsun Futa Jalon a ƙasar Gini, kuma masana suna ganin irinsa ya ƙetaro teku ne shekaru miliyoyi da suka wuce. Ba shi kaɗai ne ke kawo tambayar ƙofarmu ba. Ɗan itacen nan mai kumburarren gindi da jan fure, Adenium obesum, wanda Hausawa ke kira ƙariya, ɗan yankin Sahel ne da gabashin Afirka da Larabawa. Masu aurarwa a Tailan da Taiwan sun fitar da ɗaruruwan iri daga gare shi, masu ninkin fure da launi iri-iri, ana sayar da su ko'ina a duniya, mu kuwa muna wuce shi a bakin hanya ba ma waiwaye. Nijeriya ta kafa tata dokar kare haƙƙin masu fitar da sabon iri a 2021. Wata rana ɗaya daga cikinmu zai tsaya a matsayin Morren, wani kuma zai tsinci kansa a matsayin Burle Marx, yana ganin kyan abin gidansu a tukunyar baƙo.

Saboda haka ban ga dalilin da zai sa karin maganar ta kama furen ba. Ya yi abin da aka halitta danginsa su yi: ya tara ruwa, ya yi launi sau ɗaya, ya bar magada a gindinsa. Mai aurarwa ma, matuƙar ya san cewa zaɓe yake yi a cikin abin da aka riga aka shimfiɗa, sana'arsa halal ce kamar ta mai auren mangwaro. Ƙaryar tana fitowa ne daga bakin wanda ya ce wannan abu daga kanti ya fara, kuma a kwandon shara zai ƙare. Maganinta kuwa yana hannun duk wanda ya mallaki tukunya ɗaya: idan launin ya koɗe, ya ɗaga ganyen ƙasa ya duba kafin ya yar.